Fil Ɗaya a Kiret ɗin Ƙwai

Yaushe mutum yake zama mai laifi, lokacin da ya yi mantuwa ne, ko lokacin da ya tuna ya ja bakinsa ya yi shiru? Mantuwa ba ta sallama, faɗowa take yi kamar atishawa. Shiru kuwa mutum ne yake ɗaukarsa da hannunsa. To amma idan shirun bai wuce minti ashirin ba, kuma tsoro ne ya ɗaure harshen ba mugunta ba, a wane sikeli za a ɗora shi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska, ban gano bakin zarenta ba. Shi kansa Safiyo, wanda abin ya faɗa wa, bai gano ba.

Safiyo ake ce masa saboda shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon ƙasa kafin ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar jif da ya saya a gwanjo tun autarsa tana goye, lokacin babu abin da ke motsi a jikin motar sai ƙofa. Da hannunsa ya tashe ta, daga karatun littafi da tambaya da ƙunar yatsu. Koriya ce, mai kusurwa huɗu kamar akwatin ƙarfe, rufinta tamfol, tayar safaya ɗaure a kan bonet. Ba rediyo, ba na'urar sanyi, sitiyarinta sai mai damtse. Tayoyinta huɗu duk suna ja, akwai kuma ƙaramar giya ta hawan dutse, wadda in an sa ta motar takan yi ta rarrafe tana gurnani, ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. A gidan, Dattijuwa ake kiranta. Kayan gyaranta sun daɗe da ɓacewa daga kantuna, sai dai ya bi 'yan gwangwan yana tone-tone. Ranar da ya samo abu, yakan dawo gida bakinsa har kunne kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Duk abin da ya kwance daga jikin motar, noti ne ko wosha ko fil, sai ya jera shi a ramukan kiret ɗin ƙwai, daga hagu zuwa dama, yadda ya cire su. In zai mayar, ya faro daga dama.

"Kiret ba ya ƙarya," haka yake cewa. "In ya zama fanko, aiki ya ƙare. In da saura, da saura."

Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa duba bayan aikinsa. Kiret ɗin ne mai dubawa.

Bana ne abubuwa suka fara zame masa. An tsinci tabaransa a cikin firij. Ya bar famfon bayan gida a buɗe har ruwa ya shigo falo. Rannan yana tsaye a bayan labule ya ji babban ɗansa ta waya yana ce wa uwar, "Mama, a daina barin Baba yana shiga ƙarƙashin motar nan. Ko dai a sayar da ita kowa ya huta." Ya koma gareji a hankali ya zauna a kan jarka yana kallon Dattijuwa har aka kira shi cin abinci.

Ran Talata da yamma yana kwance a ƙarƙashinta, yana canza kan sandar da ke haɗa sitiyari da tayar hagu, sai ga ƙafafun Auta a bakin gareji. Auta likitar dabbobi ce, a gidan take zaune, kuma a cikin motar nan ya koya mata tuƙi.

"Baba Na-ƙarƙashi, sannu da aiki."

"Ke dai ba kya leƙo garejin nan sai da buƙata."

"Ai ba wajenka na zo ba, wajen Dattijuwa na zo. Ita ce mai amfani." Ta tsuguna. "Shanun gonar nan ta kan tudu ba lafiya. Ruwa ya cinye hanya, tawa 'yar motar ko gindin tudun ba za ta kai ba. Gobe da sassafe za ta ba ni aron kanta?"

"Za ta ba ki. Yanzu zan gama."

"Kawo fitilar in shigo in duba maka ƙarshen aikin."

"Ki duba me?"

"Haka nan dai. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa."

"Tun kina cikin tsumman goyo nake kwance motar nan ina ɗaurawa," ya ce, muryarsa tana fitowa daga ƙarƙashin ƙarfe. "Ba wanda ya taɓa duba bayana, ba kuma za a fara da 'yar da na haifa ba. Je ki duba bayan shanunki."

Ta yi dariya ta miƙe. "Wanzami ba ya son jarfa."

Jim kaɗan iska ta taso da hadari, matarsa ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, ya zo ya taya ta kwashe shanya. Kwanon garejin yana yoyo daidai saitin teburi, don haka ya jefa tsumma a kan kiret ya fita da sauri. Da ya dawo ya leƙa, ya ga noti zaune daram a mazauninsa. Ya sauke jak, ya wanke hannu.

Da safe ya shiga ɗauko mata makulli, ya rasa inda ya ajiye shi. Minti goma yana birkita ɗaki kafin ya same shi a aljihun rigar da ke jikinsa. Da ya fito ya tarar da Auta tana kakkaɓe gwiwa, da ɗan baƙin giris a hannun rigarta.

"Me ya sami rigarki?"

"Ƙofa ce ta shafe ni. Kawo, na makara."

Ta tafi ƙarfe bakwai. Ya tsaya yana sauraren ƙugin injin har ya ɓace a ƙarshen layi.

Tara da rabi ya shiga share gareji. Ya ɗaga tsumman, ga kiret nan, ramuka ashirin da tara fanko. A ramin farko na hagu, fil ɗaya yana kwance yana ƙyalli.

Ɗan siririn ƙarfe ne mai ƙafa biyu, bai kai tsawon ashana ba. Aikinsa kawai a zura shi ta ramin da ke kan notin sandar sitiyari, a buɗe ƙafafunsa, ya hana notin juyawa. In babu shi, kowane gargada, kowane dutse da taya ta taka, yana ɗan sassauta notin. Ranar da notin ya faɗi, sandar ta fice, sitiyari ya zama wasan yara: ka juya dama, taya ta tafi inda ta ga dama.

Safiyo ya dafa teburi.

Tsohon ne, ya ce wa kansa. Tsohon fil ɗin ne na manta ban jefar ba. Amma ya san tsohon ya yi tsatsa, ya karye biyu da ya zo cire shi, da hannunsa ya wurga shi a kwandon shara ya sa sabo a raminsa. Wannan ƙafafunsa a haɗe suke, ba a taɓa buɗe su ba. Ya tona kwandon sharar duk da haka. Ga guntayen tsohon nan, guda biyu, jajaye.

Ya ciro waya ya kira Auta. Wata murya mai sanyi ta ce ba a samun lambar. Ya sake kira, ta sake faɗa. Ya san babu sabis daga wajen fasa dutse zuwa sama. Shi ne ya auna hanyar nan da kansa shekaru da yawa baya, ya san ta kamar tafin hannunsa: kilomita goma sha ɗaya bayan an sauka daga kwalta, kwanar hanya bakwai masu kaifi, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Hawa da sauƙi, a ƙaramar giya ake rarrafawa. Saukowa ce matsala, lokacin da nauyin motar duka yake komawa kan tayoyin gaba a kowace kwana.

Ya damƙe fil ɗin a tafinsa ya shiga falo. Matarsa tana zaune a kan keken ɗinki kusa da taga, allura tana ta tsalle a kan wani shuɗin yadi. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, lafiya? Ka yi fari fat."

Nan ne wurin. In an ce a nuna inda labarin nan ya karkace, nan ne. Kalma biyar ta ishe shi. Amma ya ga abin da zai biyo bayan kalma biyar ɗin tiryan-tiryan: za ta kira babban ɗansu, za a yi magana ƙasa-ƙasa, za a zo da mai saye, garejin ya zama ɗakin ajiye tsofaffin kujeru, shi kuma ya zama tsohon da ake ɓoye wa ashana.

"Lafiya lau," ya ce. "Ƙura ce."

Ya zauna a kujera. Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Ya shiga lissafi, don lissafi ne abin da ya iya. Notin ya ɗauru sosai, da sifana ya ja shi. Zagaye takwas ne kafin ya fita. Watakila ya kai ta ya dawo da ita. Watakila ya yi wata guda ma bai motsa ba. In ta dawo sai ya lallaɓa ya zura fil ɗin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Watakila. Sai ya tuna hanyar bayan ruwa, yadda duwatsu suke fitowa tsirara, yadda sitiyari yake karkarwa a hannu kamar an kama kifi. Fil ɗin yana cizon tafinsa, bai sassauta ba.

Keken ɗinki yana ta tafiya. Dogon hannun agogo ya wuce sha biyu, ya kai ɗaya.

"Ka ga yadin nan?" matarsa ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Na Auta ne. Ta ce goma da rabi za ta taso, in ta iso ta gwada. Yarinyar nan kullum ƙara ramewa take yi, sai na sake rage kafaɗar."

Ta ɗaga rigar sama ta kafaɗu biyu, babu kowa a ciki, tana lilo a gaban taga.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya buɗe tafinsa a gabanta.

"Ban sa wannan ba."

"Mene ne wannan?"

"Na sitiyari ne. Shi ke riƙe da... Ban sa ba. Na manta."

Ba ta san fil ba, amma ta san fuskarsa shekara arba'in. Rigar ta zame daga hannunta.

"Tun yaushe ka sani?"

Ta dubi agogo, ta dube shi, ta tuna lokacin da ya shigo. Ta fita ba takalmi, ta tsallaka titi a guje zuwa garejin Gajere.

Gajere makanike ne, dogo kamar falwaya, shi ya sa ake ce masa haka don zolaya. Shekara huɗu ba sa ga maciji da Safiyo, tun ranar da ya ce a gaban mutane, "Injiniya, ka kawo tsohuwar nan mu yi mata aikin gaske." Yanzu ga shi ya fito yana goge hannu, ya karɓi fil ɗin daga hannun Safiyo da ya biyo bayanta, ya juya shi, fuskarsa ta canza.

"Wane ɓangare?"

"Hagu."

"Hagu, in tana saukowa shi ne gefen rami." Ya miƙa masa fil ɗin, ya cusa sifana da filaya da tocila a aljihu, ya tayar da babur. "Hau. Mama, ki yi ta kiran lambarta, kada ki gaji. In ta shiga, ki ce ta tsaya inda take, ko da a tsakiyar hanya ne."

Safiyo bai hau babur ba tun yana saurayi. Ya riƙe rigar Gajere da hannu ɗaya, ɗayan a dunƙule.

"Riƙe ni da hannu biyu, Injiniya," Gajere ya ce cikin iska. "Ni ma ba ni da fil, in ka yi sako-sako ficewa za ka yi."

Safiyo ya ƙara damƙe rigar. Can Gajere ya ce, a hankali, "Yi haƙuri, Baba. Bakina ne."

Suka ratsa kasuwa, suka wuce gidan mai na ƙarshe, suka sauka daga kwalta. Taɓo ya fara fallatsa. A wajen fasa dutse suka ci karo da wata tifa tana saukowa, Gajere ya ɗaga wa direban hannu.

"Ka ga wata koriyar jif, mace ke tuƙi?"

"Tun safe ta wuce sama. Ban ga saukowarta ba."

Agogon Safiyo ya nuna sha ɗaya saura kwata. Ta taso, ko ba ta taso ba? Auta ba ta cika alkawarin lokaci, ya sha yi mata faɗa a kan haka. Yau yana roƙon Allah ta makara, wata saniya ta ƙi tsayawa, mai gona ya cika ta da surutu.

Kwana ta ɗaya. Ta biyu. Ga sawun tayoyin Dattijuwa a taɓo, ya san su kamar rubutun hannunsa, sawun hawa ne kawai. A kowace kwana yana leƙa ƙasa, yana kuma ƙin leƙawa. A ta huɗu bakin hanya ya zabtare, sabuwar jar ƙasa ta gangara cikin kwazazzabon, kuma can ƙasa tsakanin itatuwa akwai wani abu kore a kife.

"Tsaya!"

Ya diro tun babur bai gama tsayawa ba, ya faɗi a gwiwa, ya rarrafa zuwa bakin ramin. Idonsa ya ƙi ba shi gaskiya. Kore ne, mai kusurwa.

Gajere ya riƙo shi ta kafaɗa ya leƙa. "Tankin ruwa ne, Baba. Tsohon tanki ne, duba, har ciyawa ta fito ta cikinsa. Ya shekara a nan. Tashi."

Sai da Gajere ya ɗaga shi kamar buhu. Suna cikin haka ne Safiyo ya ji wani sauti. Can sama, sama da kwana ta shida, wani ƙugi mai kauri, da 'yar shaƙewa duk lokacin da aka sauya giya. Ko a kabari aka tashe shi zai gane injin nan.

"Tana saukowa."

Gajere ya murɗa babur ɗin har yana kuka. Tsakanin kwana ta biyar da ta shida akwai 'yar miƙaƙƙiyar hanya, ba ta fi taku ɗari biyu ba. Safiyo ya san tsawonta, shi ya dasa mata turaku.

"A nan. Sauke ni a nan, a farkonta. Kai da babur gefe."

"Mu ƙarasa mu tare ta."

"A'a! In ta gan mu kwatsam a kwana za ta fizge sitiyari. Dole ta hango ni daga nesa."

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu biyu sama. Ba abin da zai iya yi game da kwana ta shida, tana cikinta yanzu. Yana jin injin yana riƙe nauyin motar, yana jin tayoyi suna murƙushe tsakuwa. Yana ganin notin a idon zuciyarsa, yana juyawa kaɗan-kaɗan. Ya ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, uku. Sai ga hancin Dattijuwa ya leƙo daga bayan dutse, safaya a kan bonet tana rawa. Tayar hagu ta bi bakin ramin, ta bi, ta bi, sannan ta miƙe.

Ya yi ta sauke hannuwansa ƙasa a hankali, yana nuna mata, sannu, sannu. Motar ta rage gudu. Ta tsaya taku biyar a gabansa.

Auta ta leƙo ta taga, idonta waje. "Baba! Me ya faru? Mama ce?"

"Kashe ta. Ja birkin hannu. Kada ki taɓa sitiyari."

Gajere ya riga ya tura duwatsu a gaban tayoyi. Safiyo ya karɓi tocila ya kwanta a taɓon da rigarsa, ya ja jiki zuwa bayan tayar hagu. Ya haska wurin.

Notin yana nan. A ramin da ya bari fanko kuwa, akwai ƙusa. Ƙusar katako, irin wadda yake tarawa a gwangwanin madara a bayan ƙofar gareji, an zura ta an lanƙwashe bakinta.

Ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya sa wannan?"

Yana ganin takalman Auta kusa da taya, ɗaya yana murza tsakuwa.

"Ni ce," ta ce. "Da safe, da ka shiga neman makulli. Na leƙa na ga ba fil. Ban ga inda ka ajiye shi ba, ga shi ina jin takunka, sai na ɗauki ƙusa."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Baba, ai ka sani."

Ya sani. Ya kwanta yana kallon cikin motar, ɗigon taɓo yana sauka a goshinsa.

"Sau nawa?"

"Me?"

"Sau nawa kika bi bayana?"

Takalmin ya daina motsi. "Uku da wannan. Murfin baƙin mai, wata biyu da suka wuce. Da notocin tayar baya. Ɗaurewa kawai na yi. Ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Na san in Yaya ya ji, shi ke nan."

Gajere ya tsuguna ya zuro kai. "Likita, kin iya allura, amma bari in nuna miki wani abu. Baba, matsa kaɗan." Ya sa filaya ya kama kan ƙusar, bai ko ja da ƙarfi ba, ta rabu biyu. Ya fito da guntayen a tafinsa. Notin ya ci tsakiyarta har ta zama kamar zare. "Ƙusa ƙarfe ne mai taushi. Ta kai ki sama, ta yi ƙoƙari. Kwanar hanya biyar suka rage miki. Ni dai ban ce za ta kai ba, ban ce ba za ta kai ba."

Auta ta dubi guntayen, ta juya ta dubi kwazazzabon. Ta zauna a kan matakin motar a hankali.

Daga ƙarƙashin motar Safiyo ya ce, "Ni ma na yi shiru."

Ya ci gaba, idonsa a kan notin.

"Na ga fil ɗin, na shiga falo, uwarki ta tambaye ni, na ce ƙura ce. Minti ashirin ina zaune ina lissafi. Ke kina kan tudu, ni ina tunanin kada a raba ni da mota. Da na yi magana tun farko, da a gonar muka same ki, ba ki taka kwana ko ɗaya ba."

"Baba..."

"Bar ni in gama. Ke kin yi shiru don ni. Ni na yi shiru don ni. Ban san yadda ake auna wannan ba."

Iska ta taso daga ramin ta kaɗa tamfol. Gajere ya yi tari, ya dubi sama kamar mai duba hadari.

"To," ya ce, "awon ƙasa dai na san ka iya, wannan kuwa sai a hankali. Ga sifana, Injiniya. Ko in yi?"

"Kawo."

Ya ɗora sifana. Notin ya juya kusan rabin zagaye kafin ya kama, ya ji rabin zagayen nan har cikin haƙoransa. Ya ja shi har tsagar ta yi daidai da rami. Ya buɗe tafinsa na hagu, wanda bai buɗe ba tun daga garejin Gajere. Fil ɗin ya bar shatarsa ja a fata. Ya zura shi, ya shige sumul. Ya sa filaya ya buɗe ƙafa ɗaya sama, ɗaya gefe, ya danne su. Ya taɓa da yatsa. Ya sake taɓawa.

"Shi ke nan," Gajere ya ce yana kakkaɓe wando. "Mu sauka mu sami sabis, kafin Mama ta tara unguwa."

Safiyo bai fito ba. Yana kallon fil ɗin, ga shi nan a idonsa, ƙafafu a buɗe, aiki ya ƙare. Jiya ma haka ya kalli wurin nan da idon nan, ya ga komai daidai, ya wanke hannu.

Ya ja jiki gefe ya bar wuri. Ya miƙo tocilar waje, ta ƙarƙashin ƙofa, inda takalman Auta suke.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Karɓi fitila. Shigo ki duba."